Nau'i a Cikin Dutse: Rarraba Tsoffin Radiyolariya da Tambayar Masu Manɗiƙi

Radiyolariya wasu ƙananan halittu ne na teku masu ƙwayar rai guda ɗaya tak, waɗanda ke yawo a cikin ruwa duk inda igiya ta kai su. Yawancinsu ba su wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, don haka sai da madubin ƙara girma ake ganin siffarsu. Abin da ya sa masana duwatsu suka damu da su shi ne ƙwarangwal ɗinsu. Da yawa daga cikinsu suna tsotsar silika daga ruwan teku, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, su gina wa kansu ƙwarangwal mai huji-huji da ƙayoyi masu fitowa ta kowane gefe. In halittar ta mutu, naman ya ruɓe, ƙwarangwal ɗin ya nutse ƙasan teku. Inda suka taru da yawa, laka takan daskare ta zama dutsen ƙanƙara, irin wanda ake ƙyasta wuta da shi.

Tarihinsu a cikin duwatsu yana da tsawo ƙwarai. Zamanin da masana ke kira Faliyozoyik ya fara ne kimanin shekara miliyan 539 da suka wuce, kuma kashinsa na farko ya ƙunshi zamuna uku: Kambiriyan, sai Odobishiyan daga wajen shekara miliyan 485, sai Siluriyan daga wajen miliyan 444 zuwa miliyan 419. Radiyolariya na waɗannan zamuna ba ko'ina ake samun su a yanayi mai kyau ba. Wuraren da suka yi suna ƙalilan ne: kwarin Georgina a jihar Queensland ta Ostireliya, inda Won da Below suka bayyana na tsakiyar Kambiriyan a 1999, gaɓar yammacin tsibirin Newfoundland a Kanada, tsibirin Spitsbergen, inda Fortey da Holdsworth suka samo na farkon Odobishiyan a 1971, wasu sassan Kazakistan da Nazarov ya yi aiki a kansu, da tsibiran arewacin Kanada masu ɗauke da na Siluriyan. Daga waɗannan wurare ne ake ƙoƙarin tantance nau'o'i, a tara su cikin jinsi, a tara jinsi cikin dangi.

Wannan aiki na tantancewa yana ɗauke da wata tambaya da ta girmi ilimin burbushin halittu da ƙarnuka masu yawa. Idan masani ya ɗauki ƙwarangwal ɗari ya ce hamsin nau'i ɗaya ne, sauran hamsin wani nau'in ne dabam, shin iyakar da ya shata tana nan a cikin halitta tun kafin ya zo, ya gano ta ne kawai, ko kuwa shi ne ya ƙirƙire ta don sauƙin aikinsa?

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanci Isaguji na Abhari ko Sullamu na Akhdari ya san kayan aikin wannan muhawara. Littafin Abhari, na ƙarni na 13, ya ɗauko sunansa da tsarinsa daga gabatarwar da Forfiriyus ya rubuta wa manɗiƙin Aristotal a ƙarni na 3. A can ake koyon gamammun ma'anoni biyar: jinsi, da nau'i, da fasali, da hassa, da aralin da ya game. Jinsi yana tara abubuwa masu haƙiƙa dabam-dabam, fasali kuma shi ne siffar da ke cikin zatin abu wadda ke ware nau'insa daga sauran 'yan jinsinsa. Arali siffa ce da ke iya zuwa ta tafi ba tare da abin ya daina zama abin da yake ba. Cikakken ta'arifi, a wannan tsari, shi ne a kawo jinsi na kusa a haɗa shi da fasali. Tsarin yana da kyau a takarda, amma ya dogara ne kan cewa mutum zai iya bambance siffar zati da siffar arali. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yarda a risalarsa kan ta'arifai cewa wannan abu ne mai matuƙar wuya ga ɗan Adam. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya wuce nan a raddinsa ga masu manɗiƙi: a ganinsa gamammun ma'anoni a cikin ƙwaƙwalwa suke, abin da ke waje ɗaiɗaikun abubuwa ne kawai, kuma amfanin ta'arifi shi ne ya bambance abin da ake nufi da waninsa, ba ya kai mutum ga zatin abu. A Ingila ma, cikin wannan ƙarni na 14, William na Ockham ya tsaya kan ra'ayi mai kama da wannan.

Masana halittu masu rai sun sami hanyar rage kaifin tambayar. Ma'anar da Ernst Mayr ya yaɗa a 1942 ta ce nau'i shi ne taron halittun da ke iya haihuwa a tsakaninsu, ba sa haihuwa da na waje. Ma'anar tana da amfani ga tsuntsaye da dabbobi, amma ba ta da aiki a nan. Ko radiyolariya masu rai a yau ba a iya kiwon su a ɗakin bincike daga haihuwa zuwa haihuwa ba, balle waɗanda suka mutu shekara miliyan 460 da suka wuce. Ba su bar nama ba, ba su bar ƙwayoyin gado ba. Abin da ya rage ƙwarangwal ne kawai, shi ma sau da yawa a karye. Saboda haka mai rarraba su ya koma matsayin da mai manɗiƙi yake: siffofi ne a gabansa, kuma dole ya yanke hukuncin wacce ce ke nuna asali, wacce ce ta faɗo daga baya.

Amsar da ta fara samun karɓuwa sosai ita ce ta Ernst Haeckel, Bajamushen da ya yi nazarin samfuran da jirgin Challenger ya kwaso a tafiyarsa ta 1872 zuwa 1876. A rahotonsa na 1887 ya bayyana nau'o'i fiye da 4,000, ya kuma jera su bisa lissafin siffa. Masu siffar ƙwallo ya raba su bisa yawan manyan ƙayoyi: marasa ƙaya, masu biyu da ke fuskantar juna, masu huɗu a gicciye, masu shida, da masu takwas ko fiye. Kowane kashi ya sake raba shi bisa yawan ɓawon da ke cikin juna, ɗaya ne ko biyu ko uku. Tsari ne mai sauƙin koyo, kuma duk ƙwarangwal ɗin da aka samo yana da gurbin da zai faɗa. Wannan sauƙi ne ya jawo masa karɓuwa har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kuma shi ne ya ɓoye aibinsa.

Masu binciken tsoffin duwatsu na wancan lokaci sun ɗauki tsarin yadda yake. George Hinde, wanda ya bayyana radiyolariya na Odobishiyan daga kudancin Sikotilan a 1890 da na Diboniyan, zamanin da ya biyo bayan Siluriyan, daga New South Wales ta Ostireliya a 1899, ba shi da hanyar ciro su daga dutse. Sai dai a yanki dutsen, a goge shi har ya yi siriri haske na ratsa shi, a duba. Matsalar wannan hanya a fili take ga duk wanda ya taɓa yanka albasa: in wuƙa ta bi ta tsakiya za a ga zobba da yawa, in ta bi ta gefe za a ga biyu ko ɗaya, alhali albasar ɗaya ce. Ƙwallo mai ƙaya shida yana iya nuna huɗu a wani yanka, biyu a wani, ko ya fito babu ko ɗaya. Da yake tsarin Haeckel ƙirga ƙayoyi da ɓawo yake yi, halitta ɗaya ta iya samun suna uku a jinsi uku. Kuskuren ya kuma bi ta ɗaya ɓangaren: halittun Faliyozoyik masu siffar ƙwallo aka riƙa saka su cikin jinsin da aka kafa da halittun tekun yau, har aka wayi gari ana ganin radiyolariya ba su canza ba cikin ɗaruruwan miliyoyin shekaru, don haka ba su da amfani wajen gane shekarun dutse.

Abin da ya rushe wannan fahimta shi ne sabuwar hanyar aiki. In dutsen na farar ƙasa ne, ana farfasa shi a jiƙa cikin asid mai rauni irin na ruwan khal, kwanaki ko makonni, har farar ƙasar ta narke ta bar silika. In na ƙanƙara ne, ana amfani da asid ɗin haidirofulorik da aka sirka da ruwa sosai, hanyar da Pessagno da Newport suka bayyana a 1972. Asid ne mai haɗarin gaske, yana cin gilashi, yana ratsa fata. Guggubin da ya rage a tace shi da rariya mai laushi, a busar, a baza a kan ɗan faranti, mai bincike ya riƙa tsince ƙwarangwal ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen burushi mai 'yan gashi. Da aka fara ganin su cikakku, kamar yadda Georges Deflandre ya gan su a duwatsun kudancin Faransa cikin shekarun 1950, Helen Foreman kuma a na Ohio a 1963, sai aka lura da abin da yankan dutse bai cika nunawa ba. A cikin ƙwallon da yawa daga na Faliyozoyik akwai wani ɗan tsinke mai rassa, wanda ƙayoyin waje suke tasowa daga gare shi. Wasu kuma ba tsinke ne a tsakiyarsu ba, wani ƙaramin ƙwallo ne. Ƙwallaye biyu da ba a iya bambance su daga waje sai ga shi gininsu na ciki ya sha bamban. Daga nan masana suka karkata ga cewa abin da halittar ta fara ginawa, wato na can ciki, shi ya fi nuna dangantaka, siffar waje kuwa dangi dabam-dabam suna iya kaiwa gare ta, domin ƙwallo mai ƙayoyi siffa ce da ta dace da mai yawo a ruwa. A harshen manɗiƙi, abin da Haeckel ya ɗauka fasali ne ya zama arali.

Sai dai gano tsinken bai kawo ƙarshen wahala ba, domin shi ne ɓangaren da ya fi saurin lalacewa. Silikar da halittar ta gina ba ta zama yadda take. Da nauyin ƙasa da zafi da tsawon zamani takan rikiɗe ta zama ƙwayoyin kwaz, siraran sassa su narke, masu kauri su ƙara kauri, wani lokaci ma wani ma'adinin dabam ya maye gurbinta gaba ɗaya. Ga kuma matakan girma: ƙaramin da bai gama gina ɓawonsa na waje ba yana iya kama da wani nau'i dabam. Idan ba a ga tsinke a cikin ƙwarangwal ba, ko dai halittar ba ta da shi, ko kuma ya narke. An sha wannan taƙaddama kan wasu jinsi biyu na Siluriyan, Secuicollacta da Nazarov da Ormiston suka kafa a 1984, da Rotasphaera da Paula Noble ta kafa a 1994 daga duwatsun Texas. Masu bincike sun saɓa kan ko jinsi biyu ne ko ɗaya, kuma saɓanin ya rataya ne kan wani ɗan tsinke da ke jikin ɓawo, wanda ake gani a samfuran wani wuri a rasa shi a na wani. Tambayar falsafa ce a cikin rigar aikin ɗakin bincike: rashin ganin abu yaushe ne yake zama hujjar rashin abin?

In aka gangara zuwa Kambiriyan, shakkar takan kai ga ita kanta iyakar ƙungiyar. Tsofaffin radiyolariya da aka tabbatar ba su da ɓawo mai huji-huji irin na baya. Tarin tsinkaye ne da suka sarƙe da juna suka yi dunƙule, kuma Dumitrica da Caridroit da De Wever sun ware musu rukuni na musamman a 2000 da sunan Archaeospicularia. Soson teku ma yana yin tsinkayen silika, kuma tsinke guda da ya ɓalle ba ya faɗin daga ina ya fito. Shi ya sa rahotannin da suka zo na radiyolariya daga farkon Kambiriyan, a kudancin Sin da tsaunukan Altai, suka jawo gardama tsakanin masana.

Wanda ya dubi wannan tarihi yana iya cewa Ibn Taimiyya da Ockham sun yi nasara ke nan: sunaye suna zuwa suna tafiya, iyakoki suna matsawa, ashe duk aikin mutum ne. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Da rarrabawa zaɓin mutum ne zalla, da babu dalilin da zai sa wani tsari ya fi wani, sai dai a ce wannan ya fi sauƙin haddacewa, kuma a wannan ma'auni tsarin Haeckel ne kan gaba. Amma an bar shi, kuma dalilin barin sa ba ɗanɗano ba ne. Rukunonin da ya kafa ba sa gaya wa mutum komai sai abin da aka zuba a cikinsu: an ce masu ƙaya shida, an duba an ga ƙaya shida, magana ta ƙare. Rukunonin da aka kafa bisa ginin ciki, tun daga gyaran da William Riedel ya fara a shekarun 1960, suna faɗin abin da ba a tambaye su ba. Suna bayyana a wani mataki na duwatsu su ɓace a wani, kuma jerin bayyanarsu yana maimaita kansa a nahiyoyi masu nisa da juna. Yana kuma dacewa da jerin wasu halittun da ba su da alaƙa da su, kamar giraftolayit da konodon, waɗanda ake samu tare da su a Newfoundland da arewacin Kanada. Ba mai binciken ne ya shirya wannan daidaito ba, kuma ba shi da ikon hana shi. Halittu masu rai sun ba da irin wannan shaida daga wata kusurwa: Haeckel ya lissafa Phaeodaria cikin manyan rukunonin radiyolariya huɗu, amma binciken ƙwayoyin gado a farkon ƙarni na 21 ya nuna cewa ba 'yan gidan ba ne, aka fitar da su. Akwai abin da ke waje da ƙwaƙwalwa wanda ke iya ƙaryata suna, kuma wannan ya isa ya nuna cewa sunan yana nuni ga wani abu.

Wannan bai mayar da nasara ga masu cewa kowane nau'i yana da zati tsayayye mai kaifin iyaka ba. In aka bi duwatsu daga ƙasa zuwa sama a wurin da jerin bai yanke ba, akan ga siffa tana sauyawa sannu a hankali: ƙayoyi suna ƙara kauri, ɓawo yana ƙaruwa, hujoji suna daidaita. Na ƙasa da na sama sun bambanta a fili, amma babu wani layi a tsakani da za a ce nan ne wani nau'i ya ƙare wani ya fara. A nan mai bincike ne ke sa wuƙa, kuma masu bincike biyu masu gaskiya suna iya sa ta a wurare biyu. Wasu sun fi son tarawa, wasu sun fi son rarrabewa, kuma adadin nau'o'in da ake lissafawa a wani zamani yana hawa yana sauka da wannan hali. Su kansu zamunan haka suke. Masana duwatsu biyu, Sedgwick da Murchison, sun yi shekaru suna jayayya kan wasu duwatsun Wales, ɗaya yana cewa na Kambiriyan ne, ɗaya yana cewa na Siluriyan, har Charles Lapworth ya ware su a 1879 ya ba su suna na uku, Odobishiyan. Duwatsun da burbushin da ke cikinsu na gaske ne, wurin da aka shata iyaka kuwa yarjejeniya ce. Matsayin da ya fi dacewa da abin da aka gani, ke nan, shi ne cewa bambanci da dangantaka suna nan a cikin halitta, amma yanka su gida-gida da ba kowane gida matsayi aikin ɗan Adam ne.

Ga mai imani, wannan rabon aiki ba baƙo ba ne. Malaman usulu sun tattauna ko harshe koyarwa ce daga Allah kai tsaye ko kuwa yarjejeniya ce ta mutane, suna kafa hujja da labarin koya wa Annabi Adamu sunaye a Suratul Baƙara. An danganta ra'ayi na farko ga Ash'ari, na biyu ga Abu Hashim na Mu'utazila, wasu kuma suka tsaya a tsakani. Ko wanne aka ɗauka, babu wanda ya ce isɗilahin da masu wani fanni suka ƙirƙiro wahayi ne. Halitta ta Allah ce, sunan da aka laƙaba wa ƙwarangwal na mutum ne, kuma in sunan ya faɗi, fahimtar mai sunan ce ta gaza. Malaman sun kuma raba ilimi zuwa yaƙini da zato mai rinjaye, suka yarda a yi aiki da na biyu inda na farko bai samu ba, da sharaɗin kada a kira shi da sunan da ba nasa ba. Rarraba radiyolariya na farkon Faliyozoyik kusan dukkansa a wannan mataki na biyu yake. Abin lura ne kuma cewa aikin bayyana nau'i bai tsaya kan aƙidar mai yin sa ba. Christian Ehrenberg, wanda ya bayyana radiyolariya da yawa daga duwatsun Barbados, bai karɓi ra'ayin Darwin ba, Haeckel kuwa shi ne babban mai tallata shi a Jamus, amma dukkansu da siffar ƙwarangwal suka yi aiki, kuma da ƙwarangwal ake auna aikin kowannensu a yau.

Dokokin sanya suna da masana ke bi an gina su ne kan wannan fahimta. Wanda ya kafa sabon nau'i yakan ware samfuri guda ya ce wannan ne mai ɗauke da sunan, ya zana shi ko ya ɗauki hotonsa, a ajiye shi a ma'ajiyar da wasu za su iya zuwa su duba. Sunan yana manne ne da wannan ƙwarangwal ɗin, ba da bayanin da aka rubuta ba, don haka bayani yana iya canzawa sunan bai ɓata ba. In aka gano cewa sunaye biyu abu ɗaya suke nufi, wanda ya riga shi ke tsayawa. Da wannan ƙa'ida ne Aitchison da Stratford, bayan sun sake duba radiyolariya daga wurin da Hinde ya yi aiki a Ostireliya, suka kawo a 1997 cewa wasu sunayen da Foreman ta kafa sun faɗa ƙarƙashin tsofaffin sunayen ƙarni na 19, abin da wasu masana ba su karɓa ba saboda tsofaffin samfuran ba sa nuna cikinsu sosai. Sunan da samfurinsa ya lalace ko ya ɓata har ba a iya tantance shi akan ajiye shi gefe a matsayin mai shakka. Akwai kuma 'yan alamomi da ake sa wa tsakanin sunan jinsi da na nau'i don a nuna cewa samfurin ya yi kama da wani nau'i amma ba a tabbatar ba, ko yana da dangantaka da shi amma ba shi ba ne. A 2017 wata ƙungiyar masana daga ƙasashe da dama ta sake bin jinsin radiyolariya na Faliyozoyik ɗaya bayan ɗaya a mujallar Geodiversitas, ta ware tabbatattu, da masu maimaita wasu, da masu shakka. Daga baya kuma an fara amfani da na'urar hoton ciki mai aiki da hasken eksire, wadda ke nuna ginin tsakiyar ƙwarangwal ba tare da an fasa shi ba, kuma an gwada ta a kan samfuran Odobishiyan na Newfoundland, inda ake sake duba jinsin da aka kafa tun lokacin da sai ta cikin huji ko karaya ake leƙa tsakiya.